Yadda Muka Sake Wa Manhajar Hira Zaure

'Yan'uwana ɗalibai, tun da na komo daga koyarwar gwaji a Zadawa mutane ke tare ni suna tambaya, wai me ya sami manhajar nan tamu ta hira, wadda mu kan tambaya lokacin darasi da ranar jarrabawa, har ta yi kwana uku tana ce wa kowa ba ta gane ba. Da ya ke ina cikin mutum ukun da suka taɓa ta, na ga ya kamata in yi bayani a nan, ko da ya ke bayanin ba zai wanke ni ba.

Manhajar hira kamar gida ta ke, tana da zaure da cikin gida. Zauren shi ne shafin da ka ke gani a wayarka, da akwatin rubutu da maɓallin aikawa. Cikin gida kuwa wata kwamfuta ce can nesa, ita ke karɓar tambayarka ta nemo amsa. Tamu ba irin ChatGPT ba ce, wadda ta fito a 2022. Kalmomi kawai ta ke dubawa, ta gwada su da waɗanda aka rubuta mata, kusan yadda ELIZA ta ke yi, wadda Joseph Weizenbaum ya bayyana a Amurka a 1966. Ku riƙe wannan, zai komo.

Cikin gida ba mu taɓa shi ba, zaure muka sake. Mai gina irin wannan zaure ba ya fara kome daga tushe, akwai shiryayyen aiki da wasu suka riga suka rubuta, a kansa ya ke ɗora nasa, kamar yadda mai baibaya ke ɗora shuci a kan tsaiko. Ni ma tsaiko zan kira shi. Ɗalibin da ya gina mana manhajar, wanda ya gama karatu tun kafin mu shigo, ya ɗora ta bisa AngularJS, wanda kamfanin Google ya fitar a 2010. A 2016 suka fitar da wani mai suna Angular, wanda sunan kaɗai ya haɗa su, sa'an nan ran 31 ga Disamba 2021 suka daina kula da tsohon. Watau in an gano wata kafa da ɓarawo zai shiga, ba su za su toshe ta ba. Saboda haka muka yi shawara mu koma React, wanda Facebook ya fitar a 2013. Ba don mun auna mun ga ya fi sauran ba, don dai biyu daga cikinmu shi suka iya.

Ba a ɗaukar aikin tsohon tsaiko a liƙa wa sabo yadda ya ke. A AngularJS akwatin rubutu da abin da manhaja ta riƙe a ka ɗaure su ke da juna, ka taɓa ɗaya, ɗayan ya sake da kansa. A React labari hanya guda ya ke bi, kowane canji sai ka faɗa masa. Tilas a sake rubutu.

To, hanya biyu ce. Ko ka rushe zauren duka ka gina sabo, ko ka bi shi kaɗan kaɗan. Kamfanin Netscape ya bi ta farko, shekara uku suka wuce tsakanin burauzarsa ta 1997 da ta 2000, kafin nan masu amfani da ita sun watse. Ta biyu kuwa wani masani, Martin Fowler, ya ba ta suna a 2004 daga wani itacen ɓaure da ya gani a Ostireliya. Mu nan ba ma bukatar zuwa Ostireliya, duk wanda ya ga cediya ta tsiro a kan wani itace, ta sako saiwoyi ƙasa, ta rungume shi har ta maye gurbinsa, ya san abin da a ke nufi. Mun karanta wannan duka, amma muka ce ai tamu ƙarama ce. Muka rushe.

Sabon zaure ya yi kyau, ba ƙarya. Muka gwada shi da kwamfuta a Azare, kowace tambaya ta sami amsa. Ashe mu uku duk muna rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasarsu. Yawancinku kuwa a waya ku kan rubuta d zalla, wasu su sa mata waƙafi a sama. Wancan ɗalibi ya san haka, ya ɓoye 'yan layuka a tsohon zaure masu daidaita kalma kafin a kai ta ciki. Bai rubuta ko'ina cewa ya yi ba, mu kuma ba mu karanta aikinsa da kyau ba. Sai ya zama wanda ya tambayi lokacin buɗe ɗakin karatu ba lanƙwasa, manhaja ta nemi kalmarsa ta rasa. Wata 'yar ajinmu ta so ta makara jarrabawa saboda wannan, har yau ina jin kunyarta.

Na biyu a Zadawa na gano shi da kaina. A ɗakin da aka sauke ni sabis ya kan ɗauke ya dawo. Tsohon zaure ya kan ajiye tambayar da ka rubuta a cikin wayarka, in sabis ya komo ya aika. Sabon kuwa in ya ɗauke, shi ke nan, sai ka sake rubutu daga farko. Ga shi kuma ya fi nauyi wajen buɗewa, don mun lafta masa kayan ado waɗanda tsohuwar waya ba ta ɗauka da sauri. Mai sayen data ta kwana guda ya san zafin wannan.

Ran na huɗu muka mayar da tsohon zaure, sa'ar da muka ci ba mu share shi ba. Muka zauna muka bi aikin layi layi, muna rubuta kowane abu da ya ke yi, har wanda ba mu san dalilinsa ba. Yanzu tsaikon biyu suna zaune a shafi guda. Wurin da amsoshi ke jeruwa ya koma React, akwatin rubutu yana nan a AngularJS, shi za mu taɓa daga ƙarshe. Gyaran haruffa kuma mun kai shi cikin gida, don kada wanda zai sake zaure bayanmu ya zubar da shi.

Roƙona gare ku, musamman waɗanda za su fita koyarwar gwaji ƙauyuka zango mai zuwa, ku gwada ta da wayoyinku a can, ku rubuta yadda kuka saba rubutu. Duk kalmar da ta ce ba ta gane ba, a rubuta ta a takarda yadda aka buga ta, a kawo mini ɗakin kwamfuta ran Laraba bayan la'asar.