Wufa a mota, but kuma ya ci gaba da ɗaukar kaya

A ƙasar Adar ba a sayen mota don ado kaɗai. Wadda ta taso daga Tabotaki ko Buza ta nufi Madawa, ko ta bi ta Keita zuwa Tawa, da wuya ka buɗe but ɗinta ka tarar da fili: buhun albasa, tabarmi, jarkar mai, jakunkunan ƴan ci-rani da suka dawo gida. Amma matashin da ya samu ƴar Corolla ko Starlet shi ma yana son in ya sa katin memori kiɗa ya daki ƙirji. Sai a kai shi wurin mai haɗa sauti, a ƙera masa akwati mai wufa biyu, ya cinye rabin but. Ni a ganina wannan asara ce da ba ta zama dole ba.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga bugu 20 zuwa bugu 20,000 a daƙiƙa. Aikin wufa shi ne can ƙasa, wajen bugu 80 zuwa abin da bai kai ba, inda amo yake kauri. Don fitar da irin wannan amo dole fatar sifika ta tura iska mai yawa. Matsalar ita ce, duk lokacin da ta tura iska gaba, tana janye ta a baya, kuma in babu shamaki iskar biyu sai su haɗu su kashe juna. Shi ya sa wufa tsirara, a ajiye bisa kujera, ba ta da wani kauri komai girmanta. Akwatin ne yake tsare iskar baya.

To wane girma ya kamata? Wani injiniya a Amurka, Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957, ya bar wata ƙa'ida da masu sana'ar ke aiki da ita har yau: kaurin amo, ƙaramin akwati, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai ake samu cikin ukun. Wanda ya zaɓi ƙaramin akwati da amo mai kauri, zai biya da wuta. Kafin nan, a 1954, Edgar Villchur ya nuna cewa akwatin da aka rufe ruf, babu ko kafar allura, yana iya ba da kauri ba sai ya yi girma ba, domin iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe fatar tana mai da ita mazauninta. Wufa mai faɗin santimita 25 takan wadatu da akwati na lita 15 zuwa 25, wato bai wuce jarkar nan ta lita 25 da ake ɗibar ruwa da ita ba. Akwati mai rami a gaba, wanda aka fi gani a kasuwa, ya fi ƙara, amma ya fi cin wuri nesa ba kusa ba.

Ita kanta motar tana taimakawa. Sautin bugu 50 tsawon zangonsa ya kai kusan mita bakwai, ya fi tsawon cikin mota, don haka maimakon ya yi tafiya sai ya matse iskar ɗakin gaba ɗaya, kaurin ya ƙaru a kyauta. Kuma kunne ba ya iya gane daga ina amo mai kauri ya fito. Ke nan ana iya ɓoye wufa ko'ina.

Wuri na farko shi ne ƙarƙashin kujerar gaba. Akwai wufa shafaffiya mai faɗin santimita 20, da amfilifaya a cikinta, tsayinta santimita bakwai zuwa takwas. Ba za ta girgiza unguwa ba, amma ta ishi na cikin mota, but kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Sai dai a auna wurin da kujera a gaba da kuma baya, a ɗaure ta da ƙusa, kada birki ya turo ta ƙarƙashin ƙafar direba. Wanda ke ƙetare magudanan ruwa da damina ya tuna cewa ruwa daɓen mota yake fara shiga.

Na biyu shi ne lungun gefen but, bayan tudun taya, wurin da buhu ba ya shiga dama. Kafinta mai hannu zai yanka katako mai kaurin milimita 18 daidai da siffar lungun, ya shafe kowace mahaɗa da gam. Gwajin yana da sauƙi: ka danna fatar a hankali da yatsu, in ta dawo sannu a hankali akwatin ya rufu, in ka ji iska na huci to akwai kafa. A sa raga ta ƙarfe a fuska, domin bakin galma ko kusurwar kwali sau ɗaya za su huda fata.

Na uku shi ne ramin safaya, kuma a nan nake da magana. A Turai wasu kan fitar da tayar su gina akwati a gurbinta. Kada wanda ke bin duwatsun Adar ya kwaikwayi wannan. Faci tsakanin ƙauyuka da tsakar rana a watan Afrilu ba abin wasa ba ne, balle da mata da yara a mota. Akwai wufa mai da'ira, irin BassPro Hub ta JBL, da ake zaunarwa cikin kwarmin ƙarfen tayar, safaya na nan a wurinta. Ƙananan motoci dai sau da yawa kwarminsu ba ya ɗaukar ta, sai an auna kafin a biya.

Saura wuta, inda yawancin ɓarna ke faruwa. Lambar dubbai da ake bugawa a kwali da sunan PMPO talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS. Amfilifaya mai wat 300 na gaskiya kan ja kusan amfiya 30 in an ƙure ta, alhali altanetar ƙaramar tsohuwar mota ba ta cika wuce 60 zuwa 80 ba, ga fitilu ga fanka. In fitila na lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, an ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta. Waya ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, a sa fis a kanta bai wuce santimita 45 daga batir ba. Ba rediyo fis ɗin ke karewa ba, motar yake karewa: in girgizar hanya ta goge rigar waya ta taɓa ƙarfe, wayar za ta yi ja kamar garwashi, ga jarkar mai a but. Inda duk waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, kuma kada a lulluɓe amfilifaya da kaya a ƙasar da zafi ke haura digiri 40.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yawan ƙarar sauti, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Direban haya yana wuce waɗannan awannin a kan sitiyari. In sai ya ɗaga murya na kusa da shi ke jin maganarsa, ya rage, don ya ji hon ɗin babbar mota da ƙarar ɗan kabu-kabun da ke gefensa.