Robar kan keke: ƙaramin abu ne, amma shi ke riƙe da kai da kayanka

Duk wanda ya saba cin kasuwannin gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji ya san wahalar tafiya ba a kan kwalta take ba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Runji da Tsibiri, ta wuce Maraɗi, ta bi Caduwa, Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, ba ta ba mai keke wuya. Wahalar tana farawa ne daga inda ka sauka daga kwaltar ka kama hanyar ƙauye: rairayi nan, burji mai gargada can, ga sawun amalanke, ga ramukan da ruwan damina ya bari. A irin wannan hanya ce ake ɗauko buhun aya ko na riɗi, da jarkar man gyaɗa, da kwandon ƙwai ko na kaji, a bayan keke. Mutum zai sayi taya mai kyau, ya gyara birki, ya shafa ma sarƙa mai, amma ya manta da wurin da hannunsa ke riƙe tun daga gida har kasuwa, wato robar kan keke, ƙarfen nan da waɗansu makanikai ke ce ma gidon.

Yadda keken ya canza

A da, keken ɗan kasuwa shi ne baƙin keke mai birkin ƙarfe, irin su Raleigh na Ingila, wanda har an taɓa haɗa shi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin. Kansa lanƙwasasshe ne, ya dawo wajen mahayi, mutum yana zaune miƙe, nauyinsa yana kan sirdi. Yanzu kuwa an cika ganin keken nan mai faɗin taya da giya da yawa, wanda masu jin Faransanci ke ce ma VTT. An ƙirƙiro shi ne a jihar Kaliforniya ta Amurka cikin shekarun 1970, inda matasa irin su Gary Fisher da Joe Breeze suka riƙa gyara tsofaffin kekuna domin gangaren tsauni. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da shi kasuwa da yawa, a 1996 kuma tseren sa ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atalanta.

Mu a nan ba mu da tsauni, amma faɗin tayarsa ya dace da rairayinmu. Sai dai kansa miƙaƙƙe ne, dole mahayi ya ɗan duƙa, wani ɓangare na nauyin jikinsa ya sauka a tafin hannu. Ga shi kuma da dama daga cikin waɗannan kekuna na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, robarsu ta bushe, ko ta tsage, ko ta yi laushi tana juyawa.

Abin da mummunar roba ke jawowa

Na farko, ciwon hannu. Akwai jijiyoyi biyu da ke ratsa wuyan hannu su shiga tafi. Ɗaya tana bin gefen ƙaramin yatsa. Idan ƙarfe ya daɗe yana danne ta, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ke mutuwa, ka ji kamar ana tsira maka allura. Ɗayar tana bin tsakiya, ita ke kula da babban yatsa da biyun da ke biye da shi. Takan matsu idan wuyan hannu ya lanƙwashe baya tsawon tafiya. Likitoci sun san wannan ciwo a wajen mahaya keke. Yawanci yana wucewa idan aka huta aka gyara riƙon, amma idan kwanaki suka wuce yatsun ba su farfaɗo ba, ko hannun ya rasa ƙarfin ɗaure bakin buhu ko ƙirga kuɗi, to a je gidan likita, kada a tsaya shafe-shafe.

Na biyu, faɗuwa. Idan an ɗaure kaya masu nauyi a baya, tayar gaba takan yi sakwat, kan keken yana rawa cikin rairayi, mahayi sai ya ƙara damƙewa. Idan a daidai wannan lokaci robar ta juya ko ta zame ta fita, shi ke nan, mutum da kaya sai ƙasa. Mai buhun gero zai tashi ya kakkaɓe. Mai ƙwai ko man gyaɗa kuwa jarinsa ne ya tafi.

Na uku shi ne wanda ya kamata iyaye mata su fi kula da shi, domin su ke aiken yara da keke kai niƙa, ko kai ƙuli-ƙuli da fura kasuwa. Kan keke bututun ƙarfe ne, bakinsa buɗe yake. Idan ƙarshen robar ya cinye, bakin ƙarfen ya fito tsirara, to yaron da ya faɗi a kansa yana iya dukan cikinsa, ya ji ma hanta, saifa ko hanji rauni. Abin tsoron shi ne a waje ba za a ga komai ba sai ɗan zagayayyen tabo. Yaron da kan keke ya doka a ciki, idan ya fara amai, ko ciwon ciki, ko jiri, a kai shi asibiti nan take, ko da bayan awoyi ne alamun suka bayyana. Rigakafin kuwa ba wuya: kada a bar bakin ƙarfen a buɗe. Idan babu murfin da aka yi don haka, a sassaƙa ɗan itace mai faɗin kai a cusa ya toshe shi.

Ire-iren robar da ake samu

Akwai roba zalla wadda ake turawa ta shige. Ita ce ta fi arha, ita ce kuma aka fi samu wajen masu gyaran keke. Mai kyau daga cikinta tana da ɗan laushi, tana da zane-zanen da ke hana santsi. Akwai kuma wadda ba roba ba ce, busasshen leda ne mai sheƙi. Wannan sai a guje ta, domin da zufa ta taɓa ta sai santsi, kuma ba ta rage girgiza ko kaɗan.

Akwai ta soso. Tana da daɗin riƙo, tana shanye girgizar burji, amma tana shan zufa da ƙura, kuma saurin yagewa gare ta idan ana jingina keke a bango ko ana yar da shi ƙasa. Ta silikon ta fi ta jure rana, ita ma dai faɗuwa ɗaya kan yaga ta.

Akwai mai zoben ƙarfe a gefe, wadda ake ɗaurewa da ɗan sukuru da makulli mai kusurwa shida. Kamfanin ODI na Amurka ne ya yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1990. Ba ta juyawa ko da ruwa ya shiga, ana kuma iya cire ta a mayar a wani keken. Ta fi tsada, kuma saboda akwai bututu mai tauri a cikinta, laushinta bai kai na roba zalla mai kauri ɗaya da ita ba.

Sai mai faɗi kamar reshe, inda tafin hannu ke kwanciya. Wannan ta dace da mai doguwar tafiya da wanda yatsunsa ke mutuwa, domin tana raba nauyi a faɗin tafi. Sharaɗinta shi ne ta zama mai sukuru. Idan ba haka ba reshen zai riƙa juyawa ƙasa, amfaninta ya ɓace.

Mutane da yawa kan naɗe kan keke da yankan tsohuwar robar cikin taya. Dabara ce mai fitar da mutum ranar da robar ta tsage a hanya, amma baƙar robar tana ɗaukar zafi, tana santsi da zufa, kuma ba ta rufe bakin ƙarfe.

Yadda za ka zaɓa

Abu mai daɗi shi ne kaurin ƙarfen a wajen riƙo kusan ɗaya ne a keken VTT da baƙin keke, milimita 22 da ɗan ɗori, saboda haka yawancin robobi za su shiga. Bambancin yana waje: kaurinsu yakan kama daga wajen milimita 29 zuwa 34. Ba sai ka zo da ma'auni ba. Ka damƙe robar a hannunka: idan kan yatsanka na tsakiya ya ɗan taɓa tudun tafinka, ta yi daidai. Idan yatsun sun nutse cikin tafi, ta yi siriri, za ka riƙa matsewa har hannu ya gaji. Idan kuma yatsun ba su zagayo ba, ta yi kauri, kama birki zai yi maka wuya. Idan yaro ne zai riƙa hawa, hannunsa za a gwada, ba na babansa ba.

A duba tsawo. Wadda aka saba tana kai wajen santimita 13. Amma keken da ake canza giyarsa ta hanyar murɗa hannu yana son gajera a wannan gefen. Idan aka sa doguwa za ta ture birki nesa da yatsu.

A danna ta da farce. Idan ta lotsa ta dawo, da ranta. Idan ta yi ƙyam kamar ƙaho, ko ta nuna tsaga, ko tana manne ma hannu kamar ƙaro, rana ta riga ta cinye ta. Zafin watannin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a jahar Maraɗi, yana saurin kashe roba. Wannan jan kunne ne har ga masu sayarwa: a rataya guda ɗaya a bakin rumfa don nuni, sauran a bar su cikin kwali a inuwa, kada jari ya narke a rana.

Sawa da kulawa

Kada a sa man inji, ko man gyaɗa, ko man shafawa don robar ta shige. Za ta shige, amma ba za ta daina juyawa ba. Fetur ma yana cin roba. A goge ƙarfen tas, a jiƙa cikin robar da ruwa tsabtatacce ko barasar asibiti, a tura, a bar keken ya bushe kafin a hau, in so samu ne ya kwana. Wajen cirewa, a ɗaga bakinta da siririn ƙarfe a zuba ruwan sabulu, a murɗa. Mai faci kuma yana iya hura mata iska ta fita. Kowace ranar kasuwa, kafin a ɗaura kaya, a murɗa robobin biyu da ƙarfi. Wadda ta motsa, a gyara ta a gida.

Sai dai roba kaɗai ba ta warkar da keken da aka ɗaura ba daidai ba. Idan bakin sirdi ya duƙa ƙasa, jiki zai riƙa zamewa gaba, nauyi ya taru a hannu. A daidaita shi ya kwanta sosai. A karkatar da hannun birki ƙasa kaɗan yadda wuyan hannu zai miƙe ɗaya da damtse. A cikin rairayi a ɗan rage iskar taya, ba har ta kwanta ba, domin taya mai tauri sosai tana nutsewa, tana kuma aiko da duk girgizar hanya zuwa hannu. Kaya masu nauyi a raba su gefe biyu, a sauke su ƙasa-ƙasa.

Kuɗin roba biyu bai kai na taya ɗaya ba, balle na jarkar mai, balle na jinyar yaro. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin kasuwa ta gaba, kowa ya duba kan kekensa da na yaran gidansa. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.