Rigar da ke iya tashi da mai nitso ƙafa a sama

Da yawanmu mun haddace dokar Boyle ne don jarrabawa kawai: matsi ya ƙaru, iska ta tsuke, matsi ya ragu, ta kumbura. A Silfra da ke ƙasar Aisland kuwa, wanda ya manta da ita yana iya kwana a asibiti.

Silfra wata tsaga ce a cikin dutse, cike da ruwa garai-garai, a gandun Thingvellir. Sanyin ruwan digiri 2 zuwa 4 ne duk shekara, kamar wanda aka ciro daga firij. Shi ya sa masu nitso ke sa busasshiyar riga, wadda ke rufe jiki ruf, da roba a wuya da wuyan hannu don kada ruwa ya shiga. Iskar da ke cikin rigar ce ke riƙe ɗumin jiki.

To, ƙannenmu, a nan gizo ke saƙa. A zurfin mita 10 matsi ya ninka na saman ruwa, don haka iskar rigar ta koma rabi. Rigar ta manne tana mintsinin fata, mutum ya ƙara nutsewa. Sai ya danna maɓallin ƙirjinsa, iska ta shigo daga tukunyar da ya goya, kaɗan-kaɗan.

Dawowa sama ta fi haɗari. Iskar tana kumbura ta ɗaga shi, yana ɗagawa tana ƙara kumbura. Akwai mafitar iska a damtsen hagu, kuma ɗaga kafaɗa ya isa ta fice. Sai dai iska kullum wuri mafi tudu take nema. Idan ƙafafu suka ɗara kai tsayi, can za ta taru, inda babu mafita, mutum ya taso a kife kamar balan-balan. Mun san hoton da ban dariya, amma irin wannan tashi na iya yi wa huhu rauni ko ya sa kumfar naitirojin a jini.

Abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya dunƙule jiki ya wuntsila har kai ya dawo sama, sannan ya saki iskar. In ta ƙi, ya ja robar wuyansa, ya haƙura da ruwan sanyin da zai kwararo ciki. A Silfra ba a barin kowa ya shiga da tukunyar iska sai ya nuna shaidar ya iya sarrafa wannan riga.