Rijiyar Ebenyi da Burin Masu Digirin Kimiyya a Keffi

A majalisun samari na Liman Abaji, cikin garin Keffi, ba a rasa wanda ya karanta kimiyya, ya gama bautar ƙasa, yana zaman jiran aiki. A da, in aka ambaci aikin mai, hankali kan tafi Fatakwal ko Warri ne. Zancen ya sauya a watan Maris na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙa rijiyar Ebenyi-A a ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, wata huɗu kacal bayan ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Ga ɗalibin ilimin duwatsu ko kemistiri a Jami'ar Jihar Nasarawa, mai ya zo ƙofar gida ke nan.

Tushen lamarin dokar masana'antar man fetur ce ta 2021, wadda ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar da NNPC ke samu daga wasu yarjejeniyoyin haƙar mai domin neman mai a sababbin yankuna, ciki har da kwarin Binuwai. Ga kuma Gwamnan Nasarawa Abdullahi Sule, injiniyan da ya taɓa shugabantar kamfanin African Petroleum, wanda ya riƙe batun da muhimmanci.

To amma rijiyar gwaji daban, kasuwar aiki daban, kuma nan ne ya kamata iyaye su natsu. Haƙar mai sana'a ce mai cin kuɗi da injuna, ba mai ɗiban jama'a ba. Waɗanda ke auna ƙarƙashin ƙasa da karanta sakamakon rijiya tsirarun ƙwararru ne, galibi kamfanonin kwangila ke zuwa da su daga Legas da Fatakwal. Abin da kan rage wa 'yan gari shi ne gadi, tuƙi da leburanci na ɗan lokaci. Sannan akwai jira mai tsawo: Shell ya shafe kusan shekara 20 yana nema kafin ya dace a Oloibiri a 1956, ɗanyen mai kuma bai fita waje ba sai 1958.

Kwalin digiri kaɗai bai isa ba. Kamfanoni suna neman wanda hannunsa ya saba da ɗakin gwaji da manhajojin kwamfuta, wanda ya san ƙa'idojin kare lafiya a wurin aiki. Hanyoyin samun wannan suna nan: asusun PTDF da aka kafa a 1973 yana ba da tallafin karatu, akwai cibiyar horar da ma'aikatan mai a Effurun, wata doka ta 2010 kuma ta wajabta fifita 'yan Najeriya wajen ɗaukar aiki a masana'antar mai. Abin takaici, labarin waɗannan ƙofofi ya fi saurin isa ga mai uwa a gindin murhu.

Inda aka fi ganin motsi a kusa shi ne iskar gas. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ya ratsa ta yankin Abuja. Cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya sa masu motoci sun fara komawa ga gas ɗin CNG, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Keffi zuwa Mararaba da Abuja ya san kasuwar da ke wurin ga masu sauya injin mota da masu duba tukwanen gas.

Ma'adinai ma sun shiga takara. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa lithium a ƙaramar hukumar Nasarawa, ba nisa da Keffi. Ilimin da ake gane dutse mai ɗauke da mai da shi, da shi ake gane mai lithium, kuma wannan aikin ya riga ya kai matakin sarrafawa da sayarwa, matakin da Obi ke fatan kaiwa.