Aikin Sa Kai A Ƙasar Wasu: Darasi Daga Babbar Ruga

Duk wanda ya fita daga birnin Katsina ya miƙi hanyar Batsari, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba zai tarar da asibitin Babbar Ruga. A shekarun baya, ambaton sunan wannan wuri kaɗai ya isa ya sa mutum ya kau da kai, domin can ne ake kai kutare. Amma a yau wurin ya zama abin sa rai ga matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan jihar, da jihohin makwabta, har ma da Jamhuriyar Nijar. Tarihin wannan asibiti kuwa yana ɗauke da amsar wata tambaya wadda ta shafi ma'aikata da ɗalibai, wato idan mutum ya bar ƙasarsa ya tafi wata domin ya taimaki marasa galihu, da me za a auna amfanin tafiyar tasa?

Tun da farko ya kamata a warware wani ruɗani. A wannan zamani idan aka ce 'yan sa kai a ƙasar Katsina, abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne samarin da ke tsaron ƙauyuka daga 'yan bindiga. Ba su ake nufi a nan ba. Ana nufin likita, ko malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, wanda ya ba da ƙarfinsa da iliminsa don jin ƙan jama'a ba tare da ya sa ran riba ba. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin tun kaka da kakanni ya san aikin gayya, inda samarin gari kan taru su nome gonar tsoho ko su gyara ɗakin gwauruwa. Bambancin kawai shi ne, a nan mai zuwa gayyar daga ƙetare yake fitowa.

DAGA KUTURTA ZUWA YOYON FITSARI

Wajejen shekarar 1937, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka amince wa Turawan mishan na ƙungiyar SIM su riƙa gudanar da sansanonin kutare na larduna, wato Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da kuma Babbar Ruga a Katsina. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa waɗannan Turawa sun zo da niyyar yaɗa addininsu tare da ba da magani, abin da ya sa sarakuna da malamai suka riƙa sa ido a kan aikin nasu. Duk da haka sun wanke gyambon mutanen da 'yan'uwansu na jini ke ƙyamar haɗa kwano da su. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin, kuma a farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna iri-iri wajen maganin kuturta, abin da ya rage yawan masu cutar ƙwarai da gaske.

Cikin shekarar 1983 ne wani likitan fiɗa mutumin ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya iso Babbar Ruga domin aikin kuturta. Bai daɗe ba sai ya lura da wasu marasa lafiya waɗanda ba don su aka aiko shi ba. Mata ne, yawancinsu masu ƙananan shekaru, waɗanda fitsari ke zuba musu dare da rana. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan mace ta yi kwana biyu ko uku tana naƙuda ɗan bai fito ba, kansa yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu, har jini ya daina gudu a wurin. Bayan 'yan kwanaki sai naman ya mutu ya zube, ya bar kafa. Sau da yawa ɗan yakan zo babu rai, sannan uwar ta koma gida da ciwo da wari, wani lokaci ma miji ya sallame ta.

Daga shekarar 1984 likitan ya shiga yi wa irin waɗannan mata aiki, kuma cikin shekaru fiye da talatin da ya yi yana wannan hidima ya yi fiɗa sama da 20,000. Har ila yau ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, aka bar ta 'yan makonni tana shan ruwa da yawa, wata ƙaramar kafar takan toshe da kanta ba sai an kai ga wuƙa ba.

Amma ba yawan fiɗar ne babban abin da ya bari ba. Da a ce hannunsa kaɗai ya iya aikin, da ranar da ya ajiye wuƙa ranar za a rufe ɗakin tiyata. Abin da ya yi shi ne ya tsayar da likitoci da ma'aikatan jinya a gefensa, ya koya wa ɗaruruwansu, 'yan Nijeriya da na wasu ƙasashe, ya kuma rubuta littafin da ke bayyana aikin daki-daki. Ya riƙa zagayawa Kano da Sakkwato da wasu garuruwa, har da Damagaram a Nijar, inda aka tsai da cibiyoyin irin wannan aiki. Daga bisani Gwamnatin Tarayya ta mayar da Babbar Ruga cibiyar ƙasa ta maganin yoyon fitsari, kuma likitocin gida ne ke riƙe da ita. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya shayar da shukar da ta ci gaba da tsiro bayan rana ta fito.

LIKITOCIN NA-GARI-NA-KOWA

Misali na biyu yana cikin birnin ne, kuma labarinsa ya fi ɗaci. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wadda aka fi sani da MSF, an kafa ta ne a birnin Faris cikin 1971, kuma wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta likitoci ne da suka yi aikin agaji a lokacin yaƙin basasar Nijeriya. A shekarar 1999 aka ba ta kyautar zaman lafiya ta Nobel. Mutanen wannan yanki sun ƙara saninta a 2005, lokacin da yunwa ta afka wa Nijar, musamman jihar Maraɗi wadda ke maƙwabtaka da Katsina. A can ne aka gwada, a kan dubban yara, cewa za a iya warkar da tamowa a gida ta hanyar ba uwa wani haɗi na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, a cikin 'yar ƙaramar leda, ba sai an kwantar da kowane yaro a asibiti ba.

A shekarar 2021 ƙungiyar ta fara aikin tamowa a jihar Katsina tare da Ma'aikatar Lafiya, inda ake kwantar da yaran da suka galabaita a Ƙofar Sauri, ana kuma duba wasu a ƙananan asibitoci a wurare irin su Jibiya da Mashi. Cikin watan Yuli na 2025 ta ba da sanarwar cewa a watanni shida na farkon shekarar ta yi maganin yara kusan 70,000 masu fama da tamowa, kuma 652 daga cikinsu sun rasu a hannunta. Dalilan wannan bala'i sanannu ne: 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da yawa, farashin abinci ya tashi tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga kuma ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da ke kayar da yaron da tun asali ba shi da ƙarfi. Bugu da ƙari, a shekarar 2025 ne gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage abin da suke bayarwa. Ita MSF mafi yawan kuɗinta daga aljihun masu ba da gudummawa yake fitowa, amma da wasu ƙungiyoyin suka janye, sai nauyin ya ƙaru a kanta.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, ko da yake ƙungiyar baƙuwa ce, mafi rinjayen ma'aikatanta a Katsina 'yan ƙasa ne, tun daga likitoci har zuwa masu shara da direbobi. Na biyu, ƙungiyar da kanta ta ce yaran nan sun rasu ne saboda ba su samu kulawa a kan lokaci ba. To, wane ne zai sa a kawo yaro da wuri? Likitan da ya zo daga Faransa bai san gidan da yaro ya kwana uku yana gudawa ba. Maƙwabciya ce ta sani, da ungozoma, da mai unguwa, da liman. Akwai wani ɗan tef mai launin ja da ruwan ɗorawa da kore wanda ake zagaya shi a damtsen yaro, idan ya nuna ƙasa da santimita 11.5 an san yaron yana cikin haɗari, kuma ko macen da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya koyon amfani da shi cikin ɗan lokaci. Wannan aiki ne na ƙungiyoyin unguwa, da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da sauran ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN wadda aka kafa a 1985. Da ɗan gari akan ci gari.

Katsina ba ta rasa misalin irin wannan himma ta cikin gida ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Dikko Yusufu, wanda ya riƙe muƙamin Sufeto-Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979, ya kafa cibiyar koyar da sana'o'i a birnin domin matasa da naƙasassu su samu abin dogaro da kai. Irin waɗannan wurare su ne baƙo mai hankali zai fara nema idan ya sauka, ya tambayi abin da suka rasa kafin ya buɗe jakarsa.

IDAN ƊAN GIDA YA ZAMA BAƘO

Kada a ɗauka cewa Nijeriya karɓa kawai take yi. A shekarar 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen waje, wanda ake kira TAC, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. A ƙarƙashin shirin ana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Uganda da Jamaika da Fiji, su yi shekara biyu. Gwamnatin Tarayya ce ke biyan su alawus, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba su masauki. Akwai kuma shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, da ƙungiyar VSO ta Ingila wadda ta fara a 1958, ta kuma aiko malamai da yawa makarantun ƙasar nan.

Ma'aikaci ko ɗalibin da ke sha'awar irin wannan tafiya yana da abin koyi a tarihin baƙin da suka zo nan. Abu na farko shi ne ya tafi da sana'a a hannu, domin tausayi kaɗai ba ya ɗinke rauni. Na biyu, ya yi niyyar daɗewa, don kuwa mako biyu ba ya isa mutum ya iya gaisuwa da harshen mutane, balle ya fahimci damuwarsu. A kan wannan batu ne aka gano cewa a wasu ƙasashe ana tara yara a gidajen marayu, alhali iyayensu na raye, domin kawai a jawo baƙi masu ɗan gajeren zama da kuɗinsu, har ƙasar Ostireliya a 2018 ta lissafa wannan ɗabi'a cikin nau'o'in bautar zamani. Saboda haka duk dillalin da ya nemi kuɗi mai yawa da sunan zai kai mutum aikin jin ƙai a ƙetare, ya kamata a bincike shi da kyau.

Abu na uku shi ne kiyaye harshe da mutuncin masu masauki. Cikin watan Oktoba na 1961 wata budurwa Ba'amurkiya, daga rukunin farko na masu sa kai da Shugaba Kennedy ya aiko, ta rubuta wa abokinta kati daga Ibadan tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka yaɗa shi, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar ba ta koyar da ko aji ɗaya ba. A zamanin da kowa ke riƙe da wayar ɗaukar hoto, wannan gargaɗi ya ƙara ƙarfi, domin ɗaukar hoton yaro mai tamowa ko mace mai yoyon fitsari a watsa shi ba tare da izini ba cin mutunci ne, ko da da sunan neman taimako aka yi shi.

Wanda kuma bai taɓa kai maras lafiya asibiti a unguwarsu ba, da wuya ya zama mai amfani a Banjul ko Kamfala. Ɗalibin makarantar koyon jinya ko na jami'a yana iya fara gwada kansa lokacin hutu a ƙungiyar unguwarsu, ma'aikaci kuma ya ba da yammacin Asabar ɗinsa.

Ita kuwa hukuma, nauyin da ke kanta shi ne duk lokacin da baƙin ƙwararru suka zo, ta tabbata ta tsayar da 'ya'yanta a gefensu suna koyo, ta kuma ware kuɗin abincin yara masu tamowa a cikin kasafinta ta saki a kan kari. Abin da ya faru a 2025 ya isa ya nuna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Babbar Ruga ta tsaya da ƙafarta domin an koya wa 'yan gida aikin, gwamnati kuma ta karɓa ta riƙe. Abin da ake fata shi ne a yi wa maganin tamowa irin wannan tanadi tun baƙin suna nan, kafin ranar da za su ɗaure kayansu.