Wa Ya Ɓata Gefen Mayafin?

Da zarar an kwashe masara da dawa, aka shiga cirar auduga a Gozaki, sai hunturu ya fara leƙowa, mata kuma su zaro tsinken saƙa daga ƙasan akwati. A wannan tsohon gari na ƙaramar hukumar Kafur, kamar sauran garuruwan yankin Malumfashi da Funtuwa, jaririn da aka haifa a Disamba ko Janairu sai da hular sanyi da safa da mayafi mai kauri. Mata da yawa da wannan saƙa suke samun na sabulu da na adashi, 'yan mata kuma a lokacin suke fara koyo.

Wata budurwa ta ɗauki niyyar saƙa mayafin jariri kafin yayarta ta sauka. Ta ɗora ido 60 a kan tsinke, ido kuwa shi ne kowane madaukin zare da ke zaune a jikin tsinken. Saƙa ta kai taƙi biyu, ta shimfiɗa ta a kan tabarma, sai gabanta ya faɗi. Sama ta fi ƙasa faɗi. Gefe biyun sun cika da sakakkun madaukai waɗanda yatsan jariri zai iya shiga. Ga shi kuma bakin yana nannaɗewa ciki, ana miƙar da shi yana komawa.

Zare aka fara tuhuma. Mahaifiyarta ta ce ai wannan ulun na kasuwa ba ulu ba ne, roba ce, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba, domin yawancin zaren saƙar da ake sarowa daga Kano na roba ne, ba na gashin tumaki ba. Sai dai gwaggon yarinyar, wadda ta daɗe tana saƙa kayan jarirai na sayarwa, ta karɓi ƙullin zaren nan da tsinkayen nan, ta saƙa 'yan layuka a gabansu, gefe ya fito santal. Zare da tsinke suka fita daga zargi.

Daga nan zargi ya koma kan hannun mai saƙar. Wata maƙwabciya ta ce hannunta ne bai faɗa ba, wasu kuma dama ba a halicce su da hannun saƙa ba. Wannan magana tana ci mini rai, domin ta kori 'yan mata da yawa daga sana'ar da za ta rufa musu asiri. Gwaggon ba ta yi gardama ba. Ta ɗaga mayafin ta sa shi a hasken rana, ta ce: "Ku dubi tsakiya." Idanun tsakiya sun jeru girma ɗaya, babu mai ƙiba babu ramamme. Hannun da ya iya daidaita ido hamsin da wani abu a tsakiya ba shi da ciwon komai. Ke nan ɓarnar tana faruwa ne a wuri ɗaya tak, inda layi ke ƙarewa a juya tsinke.

"Ɗiyata, ƙirga mini idanun," in ji ta.

"Gwaggo, ai sittin na ɗora."

"Na ji abin da kika ɗora. Ƙirga abin da ke kai yanzu."

Yarinya ta ƙirga ta samu 68. Babu wanda ya koya mata ƙarin ido, to daga ina takwas suka fito? Gwaggo ta ce ta fara sabon layi a hankali, ita kuma ta zuba ido a kan yatsunta. Nan take ɓarawon ya bayyana. In ta juya saƙar, zaren yakan rataya a gaba. Don ta mayar da shi baya, sai ta ɗaga shi ta saman tsinke ta ja. Wannan jan yana ɗago idon layin ƙasa, ƙafafunsa biyu su hau kan tsinke, su yi kama da ido biyu. Ita kuwa sai ta saƙa kowanne daban. Ba kowane layi take yin haka ba, shi ya sa faɗin ya riƙa ƙaruwa a sace. Maganinsa bai wuce a bi da zaren ta ƙarƙashin tsinke zuwa baya ba, sannan a ƙirga ido bayan kowane 'yan layuka har hannu ya saba.

An gano dalilin faɗi, amma sakakkun madaukan gefe suna nan, kuma nasu sirrin ya fi zurfi. A nan ya kamata a tuna cewa Gozaki ba baƙuwar zare ba ce. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya kawo ta cikin muhimman garuruwan kudancin ƙasar Katsina tun kafin Jihadi, kuma ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Masaƙin gargajiya yana aiki da zare kashi biyu, na tsaye da na kwance. In ya jefa ƙoshiya ta dawo, zaren kwance yana zagaye na tsayen da ke bakin ƙarshe, wanda yake a ɗaure tam, sai gefen ya kulle kansa. Mai saƙar tsinke ba ta da wannan gata. Zare ɗaya ne tal yake tafiya yana dawowa, kowane ido kuma maƙwabtansa na dama da hagu ne ke riƙe shi. Idon gefe maƙwabci ɗaya gare shi. Duk ɗan sakin da aka samu a cikin layi, tsinke yana tura shi gaba daga ido zuwa ido, har ya taru a na ƙarshe, wanda ba shi da wanda zai miƙa wa.

Da yarinyar ta ji haka sai ta fara shaƙe idon farko da ƙarfi. Bai yi ba, domin tana sa tsinke a ido na biyu sai na farkon ya sake buɗewa. Gwaggo ta nuna mata cewa ja yana kamawa ne bayan an riga an zura tsinke a ido na biyu. A lokacin ake ɗan tsuke zaren, sannan a saƙa, na biyun ya riƙe na farkon.

Sai kuma ta ba ta dabarar da masu sayar da saƙa ke ji da ita. Idon farko na kowane layi kada a saƙa shi. A bar zaren a gaba, a zura tsinken dama cikin idon daga dama zuwa hagu, a zame shi ya tsallaka haka nan, a mayar da zaren baya ta tsakanin tsinkaye, a ci gaba. Idon ƙarshe na kowane layi kuwa a yi masa saƙar gaba, wato wadda ke fitowa sumul a fuskar da ke kallon mai saƙa. Da haka idon gefe sau ɗaya ake saƙa shi a layi biyu, dole ya miƙe ya rufe tsayin layi biyun, sai ya shanye sakin da ya yi masa yawa. Bayan 'yan layuka, gefen ya fito da jerin zobba masu kama da sarƙa, kowane ɗaya a kan layi biyu. Amma ta ja mata kunne: wannan gefe na abin da bakinsa zai zauna a fili ne, irin mayafi da abin wuya. Suwaitar da za a haɗa gabanta da bayanta da allura ta fi son gefen da aka saƙa kowane ido, domin ɗinkin ya fi samun wurin kamawa kuma ba ya barin huda.

Saura nannaɗewa. Mahaifiyar ta ce a kawo dutsen guga, Gwaggo ta hana. Zaren roba in ya sha zafi yakan narke ko ya saki jiki ya mutu, ba ya kuma dawowa. Ta juya mayafin ta nuna musu fuska biyun: gaba sumul, baya gurje-gurje. Yarinyar tana saƙa layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, wato duk santsin ya taru a fuska ɗaya, duk ƙulalan a ɗaya fuskar. Fuskokin biyu ba sa ja daidai, shi ya sa gefen dama da na hagu ke naɗewa zuwa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo zuwa gaba. Halin wannan saƙa ke nan ko a hannun gwanar gwanaye, kuma zame idon farko kaɗai ba ya hana shi. Abin da ke hana shi shi ne a ware ido 4 ko 5 a kowane gefe, a riƙa yi musu saƙar gaba a kowane layi, ana tafiya ana dawowa. Ƙulalan sai su rabu tsakanin fuska biyu, gefen ya kwanta, ya kuma danne tsakiyar. Mayafi babba yana iya buƙatar ido 6 zuwa 8, a kuma yi wa sama da ƙasa 'yan layuka irin wannan.

Yarinyar ta warware aikin, ta naɗe zarenta, ta sake ɗora 60. Wannan karon 60 ɗin ne suka kai ta ƙarshe, gefe biyun kuma suka kwanta ba tare da guga ba.

Mai sayen kayan jarirai a kasuwar Malumfashi ko ta Funtuwa gefe take fara shafawa kafin ta taya, kuma nan ne farashi ke hawa ko ya faɗi. Saboda haka ina roƙon malamai mata da ke koyar da saƙa a cibiyoyin sana'a da cikin gidaje: kafin ku ba ɗaliba babban aiki, ku sa ta ɗora ido 20 ta saƙa layi 20, ku zauna kusa da ita ku kalli yadda take juya tsinke a ƙarshen kowane layi.