Me ya sa suma ke zubewa idan ana maganin ciwon daji?

Mako biyu zuwa uku bayan an fara yi wa mai ciwon daji ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo, sau da yawa sumarsa takan fara zubewa. A nan hankalin 'yan uwa kan tashi. Wasu ma sukan ce magani ya fi ƙarfin majinyaci, su kwashe shi su koma gida.

Alhali zubewar tana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin halittar jikinmu ke hayayyafa.

Jiki ba ya daina gyara kansa. Idan wuƙa ta yanke ka, ƙwayoyin da ke bakin ciwon ne ke rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har wurin ya rufe. Ɓargo kaɗai yana samar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Wannan rabuwa ita masana ke kira maitosis, sunan da Bajamushe Walther Flemming ya raɗa mata a 1882 daga kalmar Girkanci mai nufin zare, saboda abin da ya gani ke nan a madubin bincike.

Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta kwafi duk bayanan gadon da ke cikinta, waɗanda a jikin ɗan Adam ke ƙunshe cikin kuromozom 46. Sannan su jeru a tsakiyarta, wasu siraran zaruruwa su kamo su daga ɓangarori biyu, kowane ɓangare ya ja kwafi ɗaya. Daga nan ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta tsinke, kowace ta tashi da 46 cif. Kusan awa ɗaya ake ɗauka.

Ciwon daji shi ne wannan aikin idan ya rasa birki: ƙwaya ta yi ta rabuwa ba ta tsayawa. Don haka magungunan kemo da yawa suke farautar duk ƙwayar da ke rabuwa. Vincristine, wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska, hana zaruruwan nan haɗuwa yake yi, sai ƙwayar ta maƙale ta mutu. Matsalar ita ce magani bai san na gida ba. Saiwar gashi, fatar cikin baki da ɓargo duk masu saurin rabuwa ne, shi ya sa ake ganin sanƙo, gyambon baki da ƙarancin jini.

Gashin yakan dawo bayan an kammala magani. Ciwon kuwa ba ya jira. Dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da maleriya ta yi katutu, ciki har da Najeriya, yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saurin nan ne ya sa yake jin magani sosai, kuma shi ne ke sa ragowar ƙwayoyin su sake cika muƙamuƙin yaro idan aka tsallake zagaye na gaba.